Mitar da Aka Yi wa Ƙarin Girma

Jawabin Alhaji Sajo Mai Shanu a taron addu'a da tunawa da marigayi Injiniya Sabi'u Ɗantsoho, wanda aka yi a Gumel

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Mai Martaba, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Ranku ya daɗe hakimanmu da suka taso daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Allah ya gafarta malamai, limamanmu da alarammominmu. Manajan shiyya na hukumar ruwa da ma'aikatansa, sannunku da zuwa. Dagacin Kukar Adda, wanda tun da muka zauna yake taka mini ƙafa, za ku ji dalili nan gaba. Alhaji Ubale mai riɗi, Allah ya ƙara arziki. Hajiya Haulatu maiɗakin marigayi, da 'ya'yansa Mansura da Usaid, da iyayenmu mata da ke can bayan rumfa, da sauran jama'a manya da yara, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na san da yawanku kuna mamakin yadda aka tsallake masu rawani da masu digiri aka miƙa wa mai shanu lasifika. Ni ma na yi mamakin. Hajiya Haulatu ce ta aiko Usaid ya kira ni, ta ce, "Alhaji Sajo, mun yi kuka har idanunmu sun bushe. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce mana mutumin kirki ne, kamar mu ba mu sani ba. Kai kaɗai ka ƙare rayuwarka kana tsokanarsa. Ka je ka yi masa yadda ka saba."

Ga baƙin da ba su san mu ba, ni Bafulatani ne, marigayi kuwa Babarbare ne jinin Mangawa, kuma ko yaro a ƙasar nan ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har ya koma ga Allah ba a raba gardamar ba. To, tunda yau ba ya nan balle ya musa, ina sanar da wakilin Mai Martaba cewa ni na yi nasara.

Injiniya Sabi'u shi ne mai kula da manyan mitocin ruwa na wannan shiyya tamu. Ba 'yan ƙananan da ake maƙalawa a ƙofar gida ba. Manyan nake nufi, waɗanda ake ɗaurawa a bakin tanki da kan babban bututu, su ke gaya wa hukuma yawan ruwan da gari ya sha. Mu dai mun san mu buɗe famfo mu tara bokiti. Shi ne ya san abin da ke faruwa kafin ruwan ya iso gare mu.

Ya kasance mutum wanda ba ya wuce bututu bai gaisa da shi ba. Yana da wani siririn ƙarfe da yake yawo da shi, ya kafa bakinsa a kan bututu, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron tafsiri. Ranar ɗaurin auren 'yata Safara'u na sa shi cikin shaidu. Liman ya zauna, dangin ango sun zauna, goro ya iso, babu Sabi'u. Da aka bazama nema sai aka same shi a bayan masallaci, durƙushe cikin sabuwar shadda, yana cewa a yi shiru akwai yoyo. An ɗaura auren, an kuma toshe yoyon. Daga ranar, duk sanda muka haɗu sai ya fara tambayar lafiyar bututun kafin ya tambayi amarya.

Ya kasance maƙiyin kwana. In ya ga an ɗaura mita dab da inda bututu ya lanƙwasa, sai ransa ya ɓaci kamar an zagi kakansa. Na taɓa tambayarsa me kwana ta tsare masa. Ya ce, "Kai Bafillace, in shanunka suka fito daga lungu suna turereniya, kana iya ƙirga su?" Na ce Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa, balle a gaban Babarbare. Ya ce, "To ruwa ma haka yake. In ya fito daga kwana a hargitse yake. Sai ka ba shi miƙaƙƙen bututu ya nutsu, sannan mita ta san abin da ya wuce ta."

Ya kasance mai faɗa da yashi. Kun san ƙasarmu, duk rijiyar burtsatsen da aka haƙa sai ta haɗo mana da yashi, kuma yashi shi ne ajalin mita. Saboda haka a gaban kowace mita yakan sa rariyar ƙarfe mai tare shi, kuma duk Asabar sai ya zagaya da sifana ya kwance, ya zubar, ya wanke, ya mayar. Ba ruwansa da biki, ba ruwansa da zazzaɓi. In ya same ni a hanya sai ya tsayar da babur ya ce in hau, aiki ya samu wanda ya dace da bawa. Aikin shi ne riƙe bokitin yashi. Ni da ake tashi tsaye in na shiga karar shanu, haka nake tsugunnawa da bokiti a bakin tanki, Babarbare yana ce mini in matso da shi.

Ya kasance yana da wata magana da ba ya gajiya da faɗa: "Mita ba ta ƙarya, sai dai a ɗora ta inda ba wurinta ba." Ku riƙe maganar nan da kyau, domin mutanen hedikwata rabinta na farko kawai suka haddace, kuma saura ƙiris wannan ya bar gari guda da ƙishirwa.

Garin shi ne Kukar Adda, tsakanin Gagarawa Tasha da Sule Tankarkar, can ciki inda kwalta ba ta kai ba. Rugagen dangina suna kewaye da shi. Kafin a kawo musu famfo, rijiya ɗaya gare su, mai zurfin da sai an ɗaura wa sa igiya ya ja guga, ruwan kuma zartsi ne, in ka sha sai ka ƙara jin ƙishirwa. Mata kan yini a bakinta. Da Allah ya kawo sauƙi aka haƙa musu burtsatse, aka kafa tanki da farantan sola, sai hukuma ta ce dole a ɗaura mita a bakin tankin. Dalilinsu mai kyau ne. Garuruwa da yawa suna layin jiran famfo, saboda haka duk inda mita ta nuna ba a amfani da ruwa, za a kwance injin da farantan a kai wa masu buƙata.

Alhaji Ubale ɗan Kukar Adda ne, ko da yake riɗi da zoɓo sun mai da shi mutumin Maigatari. Da ya ji garinsu na buƙatar mita, ya ce ba za a jira hukuma ba yana raye. Ya tafi Kano da kansa. Mai shago ya tambaye shi, "Alhaji, inci nawa ake so?" Ya ce, "Ana tambayar ragon layya inci nawa ne? Nuna mini wadda ta fi kowace." Direbansa ya ba ni labari, ya ce haka Alhaji ya bi su ɗai-ɗai yana bubbuga bayansu, har ya kai ga wata shuɗiya a ƙuryar shago, wadda ƙarti suka yi gumi kafin su ɗora ta a akori-kura.

Ranar da ta iso, duk garin ya fito. Tsofaffi suna shafa ta suna sa albarka. A kan idona kyanwa ta shiga ta wannan baki ta fita ta wancan, ko sunkuyawa ba ta yi ba. Bututun Kukar Adda kuwa bai wuce kaurin damtsena ba, kuma kun ga damtsen, na Bafulatani ne. Sabi'u ya sauka daga babur, ya zagaya ta, ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya buɗe baki ya ce, "Alhaji, wannan ai..." Nan Dagaci ya taka masa ƙafa, ya raɗa masa, "Injiniya, ba a mai da hannun kyauta baya, balle hannun da ya ciyar da garin nan shekarar da gero ya ƙi." Sabi'u ya haɗiye sauran maganar. Ya haɗa ƙaramin bututu da ƙatuwar mita da dabarunsu na injiniyoyi, aka yi addu'a, aka watse. A hanyarmu ta komawa ya ce mini, "Sajo, yau da hannuna na ɗaura barci a bakin tanki."

Haka kuwa aka yi. A cikin irin wannan mita akwai farfela, ƙarfin ruwa ne ke juya ta, ita kuma ta juya lambobin da ke fuskar mitar. To ɗan ruwan Kukar Adda sai ya shiga wannan makeken ciki ya raɓa ta gefen farfelar ya yi gaba abinsa, ba sallama ba ban kwana. Mata suna ɗiba, yara suna wanka, shanu suna sha, lambobi suna nan inda maƙera suka bar su. Mutanen gari ba su ga aibu ba. Wasu suka ce ai babba ba ya rawar kai. Iya Larai, ungozomar garin, ta ce baƙunta ce, a ba ta lokaci ta saba da ruwan.

Hedikwata ba ta san baƙunta ba. Wata ya kama, wata ya mutu, lamba ɗaya ake kai musu. Rannan sai ga mota da mutane masu igiyar awo, suna auna farantan sola suna duba notuna. Da aka tambaye su, suka ce ai garin ya daina shan ruwa, kafin bazara za a zo a kwance komai. Iya Larai tana tsaye da tulu cike a kanta ta ce, "Wannan da ke kaina fa, ɗan nan, fura ce?" Suka ce su dai abin da mita ta faɗa suka sani.

Sabi'u ya hau mota ya tafi hedikwata, ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Shugaban hukumar ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce, "Injiniya, ai kai ka koya mana mita ba ta ƙarya." Sabi'u ya ce maganar tana da saura. Suka ce su iyakar abin da suka haddace ke nan. Amma sun yi masa adalci, suka ce in kafin zafi ya shigo aka kawo musu lamba daga mita mai motsi, za a bar famfon. In ba haka ba, akwai garuruwan da ke jira.

Za ku ce ai da sauƙi, a cire babbar a sa ƙarama. Dagaci ya ce in za a cire kyautar Alhaji Ubale a bainar jama'a, sai dai a haɗa da rawaninsa. Samarin gari suka zo da tasu dabarar, wai a buɗe murfin a murza lambobin da hannu, wa zai sani? Sabi'u ya bi su da sifana har bakin kasuwa. Ya ce shi bai taɓa sa mita ta yi ƙarya ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Amma Hajiya Haulatu shaida ce, a kwanakin nan tuwo yadda aka kai masa haka ake ɗauko shi. Ga mutuncin mutumin da ya yi alheri, ga ruwan gari guda, ga bazara tana tahowa.

A nan ne ni, da yake Allah ya ba Fulani basira, na kawo shawara. Na ce tunda ruwa mai yawa take so, a ba ta. Na aika rugage, duk mai saniya ya koro ta Kukar Adda rana ɗaya. Aka buɗe duk famfunan gari, aka cika kwamin shayarwa, mata suka fito da duk abin da ke riƙe ruwa har da tukwanen miya. Sabi'u ya tsuguna a gaban mitar, jama'a suka yi cirko-cirko a bayansa. Can sai 'yar allurar ta motsa sau ɗaya, kamar mai barcin da sauro ya ciza. Aka yi kabbara. Kafin a rufe baki tanki ya ƙare, ta koma barcinta. Shanun kuwa, da suka ga ruwa ya yanke, suka juya kan harawar Liman suka cinye ta tas. Har gobe ina nan kan bakana, shawarar ba ta da laifi, shanun ne ba su isa ba.

Bayan kwana biyu sai ga Sabi'u a ƙofar gidana da hantsi, fuskarsa a sake. Ya ce in ara masa babbar rigata, kuma in taso in raka shi, babban mutum ba ya tafiya ba bawa. Hajiya, rigar nan har yau ban gan ta ba, ina tuni ne kawai. Muka sami Alhaji Ubale a rumfarsa ta Maigatari ana auna riɗi. Bayan gaisuwa Sabi'u ya gyara murya.

"Alhaji, ƙara na kawo."

"Ƙarar wa, Injiniya?"

"Ƙarar mutanen Kukar Adda, har da ni a ciki. Mun wulaƙanta mitarka."

Alhaji ya ajiye carbi. "Wani ya taɓa ta?"

"Da taɓa ta aka yi ai da sauƙi. Da yunwa muke barin ta. Mitar nan an ƙera ta ne don ruwan da zai iya tafiya da jaki. Mu kuwa abin da muke ba ta ko kurkure baki bai ishe ta ba, shi ya sa ta yi shiru. Mun sa raƙumi a akurkin kaji, Alhaji."

"To yanzu me za a yi?"

"Abin da ake yi wa babban ma'aikaci in ya fi ƙarfin ofishinsa. Ƙarin girma. Babban bututun da ke shayar da dabbobin kasuwar nan yana neman mita. Na je na auna, kamar don shi aka ƙera ta."

"Kukar Adda fa?"

"Sai mu samo mata 'yar ƙarama, daidai bakin bututunta."

Jama'a, ina zaune na kasa kunne ina jiran ƙarya ɗaya da zan riƙe in riƙa yi masa gori har tsufa. Ban samu ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, riga kawai ya sa mata. Alhaji Ubale ya dube shi daga sama har ƙasa. Can ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri. Walimar rakiya a wuyana."

Wanda bai ga rakiyar nan ba ya yi asara. Masu kalangu sun zo, mata sun yi guɗa, an ci waina an ƙoshi. Dagaci ya tashi ya yaba halin mitar, ya ce tun da ta zo garin ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wallahi haka ya faɗa, ga shi nan ku tambaye shi. Aka ɗora ta a mota, samari suka raka ta da babura har kwalta. Suna ɓacewa Sabi'u ya tuɓe rigata, ya buɗe wani ɗan kwali, ya ɗaura 'yar mitar da bai fi a rungume ta da hannu ɗaya ba, ya ba ta miƙaƙƙen bututunta da rariyarta. Ana buɗe ruwa ta kama juyi. Iya Larai ta leƙa ta ce, "Wannan kam ba ta da kunya." Aka sa mata suna 'Yar Auta. Kafin zafi ya shigo an kai wa hedikwata lamba, kuma famfon Kukar Adda yana nan har yau da nake maganar nan.

Babbar kuwa, da ta ji ruwan Maigatari, sai ta farka. Duk ranar Alhamis in kasuwa ta cika, farfelarta har kuka take yi. Alhaji Ubale kan kawo baƙinsa na Damagaram su gan ta kafin su loda kamiyonsu, wato manyan motocinsu.

Shi kansa Sabi'u an sha kiransa hedikwata, ga ofis mai sanyi ga mota. Bai je ba. Ya ce mini, "Na san incina. Ƙaramar mita in ka ɗora ta a babban bututu, farfelarta ce ke karyewa." Na ce alhamdu lillahi, yau na ga Babarbaren da ya yarda shi ƙarami ne. Amma a raina na san ba ƙarami ba ne. Ya san in ya tafi babu mai zagayawa ranar Asabar.

Da ciwo ya kwantar da shi, 'yarsa Mansura ta karɓi sifanar. Injiniya ce ita ma, da takardunta, a hukumar take aiki. Zuwana na ƙarshe na same shi ya rame, magana sai an kara kunne. Ya ce, "Bawana, an buɗe rariyar 'Yar Auta?" Na ce Mansura ta buɗe, ni na riƙe bokiti. Ya yi murmushi ya ce, "Madalla, ka san matsayinka." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na tashi na fita da sauri don kada Babarbare ya ga hawayen Bafulatani. Ina kewarsa, jama'a. Asabar takan zo in ji ƙarar babur in miƙe, sai in tuna.

Yanzu ga dalilin taka ƙafa. Ranar sadakar uku Alhaji Ubale ya tashi a gaban jama'a, idonsa jawur, ya yi alkawarin zai saya wa Kukar Adda sabuwar mita don tunawa da marigayi, wadda ta fi ta farko girma, a rubuta sunan Sabi'u a jikinta, a sauke 'Yar Auta ta huta. Kowa ya ce madalla. Na ji an ce gobe direba zai tafi Kano. Mansura ta same ni ta ce, "Baffa, ni yarinya ce a gabansu, ba zan iya buɗe baki ba." Dagaci kuma ya ce in na buɗe nawa ba ni ba shi.

Ranka ya daɗe Dagaci, ka yi haƙuri. Alhaji Ubale, ka yi haƙuri. Mai iya sa wa gaskiya babbar riga ya tafi, ya tafi da rigar ma. Ni sanda na iya riƙewa, saboda haka zan faɗa a miƙe. In aka ɗaura mitar nan za ta yi barci kamar yayarta. Masu igiyar awo za su dawo. Iya Larai da jikokinta za su koma bakin rijiyar zartsi, kuma sunan Sabi'u ne zai kasance a rubuce a jikin abin da ya jawo haka. Wannan karon babu wanda zai hau mota ya je ya yi magana har muryarsa ta dushe. Na roƙe ka don Allah, Alhaji, kada ka...

Na'am, Alhaji? A miƙa masa... A'a, ya ce ba sai an kai lasifika ba. To, ina ji.

Jama'a na baya ba ku ji ba, bari in maimaita muku yadda ya faɗa. Alhaji ya ce tun ranar da muka je masa da rigar aro ya gane komai. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya san lokacin da ake dawo masa da kaya, sai dai bai taɓa ganin wanda ya dawo da kaya da kalangu ba sai Sabi'u. Ya ce ba mantawa ya yi ba. Ya duba ne ya rasa abin da zai saya wanda zai kai girman mutumin, shi ne ya ce a kawo mafi girma. Ya ce direba ya fasa tafiya, Mansura ta je ta auna, abin da ta ce shi za a saya, ko da noti ne.

Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ku ba ni ɗan lokaci, wani abu ya faɗa mini a ido. Dagaci, ka huta, ƙafata ma ta huta.

Hajiya Haulatu, kin yi haƙuri da mutumin da ke shigo miki ɗaki da yashi a aljihu, wanda in an kai shi gidan suna sai ya fara leƙa famfo. Ladan duk wanda ya sha ruwan nan kina da kaso a ciki, Allah ya ba ki haƙurin rashinsa. Usaid, ka riƙe mahaifiyarka, kuma ka riƙe halin mahaifinka na gyara abu ba tare da ya kunyata mai shi ba. Mansura, sifana tana hannunki. Kada ki bari kowa ya taka miki ƙafa, ko mai rawani ne. Ranar Asabar ki biyo ta gidana, bokitin yana nan.

A madadin iyalan marigayi da mutanen Kukar Adda, muna godiya ga wakilin Mai Martaba, da hakimai, da malamai, da ma'aikatan ruwa, da duk wanda ya bar gonarsa ko rumfarsa ya zo. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na ce muku a farko ni na yi nasara. Na janye. Shekara da shekaru ina ce masa bawana, ashe duk aro nake yi, Mai shi ya karɓi abinsa. Ya Allah, ga bawanka Sabi'u. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi. Ya ƙi ƙarin girma a nan don kada mu kwana da ƙishirwa, Ka yi masa shi a can. Ya shayar da mu da dabbobinmu daidai gwargwado, Kai kuma Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara, inda babu yashi, babu rariya, babu mita, ya sha ba da awo ba. Mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

A yi masa Fatiha.